Idan Sahir Ya Ɗauki Yaronka Karo Na Farko

Saƙon Sahir, wato kyamarorin da ke kama masu gudu a titunan Saudiyya, yakan faɗo ne a wayar uba, domin sunansa ne a istimarar motar, takardar rajistarta. Ka fito daga sallar isha'i ko kana tsakiyar ciniki, ka duba ka ga Murur, 'yan sandan hanya, sun rubuta maka mukalafar gudu, wato tara, a titin da rabonka da shi ya kai wata guda. Ba sai an gaya maka wanda ya riƙe makulli a ranar ba. A nan iyaye sukan rabu biyu, kuma duka biyun asara suke yi. Wani ya biya ta waya shiru don kada a tayar da ƙura a gida. Wani kuma ya shiga da faɗa ya ƙwace makulli, bayan kwana uku a rasa mai kai Umma asibiti, a miƙa wa yaro abinsa ba tare da an gyara komai ba.

Kafin ka ce masa uffan, buɗe Absher, manhajar gwamnati, ka shiga wajen mukalafofin Murur ka karanta abin da aka rubuta: rana, lokaci, wuri, da matakin da aka sa laifin. Matakin nan shi ne zai gaya maka irin maganar da za ka yi da shi, domin tarar gudu a Saudiyya hawa-hawa ce. A titin da iyakarsa kilomita 120 a awa ko ƙasa da haka, wanda ya haura da fiye da 10 zuwa 20 tararsa riyal 150 zuwa 300 ce. Daga 20 zuwa 30, riyal 300 zuwa 500. Daga nan sai ta yi tsalle: 30 zuwa 40 riyal 800 zuwa 1,000, 40 zuwa 50 riyal 1,200 zuwa 1,500, abin da ya wuce 50 kuma riyal 1,500 zuwa 2,000. Titunan da aka ɗaga iyakarsu zuwa 140 tun 2018, irin hanyar Hijira tsakanin Makka da Madina da ta Riyad zuwa Ɗa'if, lissafinsu ya fi tsauri. Can da ka wuce da fiye da 5 an fara, kuma da riyal 300 ake buɗewa. Wanda ya ƙara fiye da 30 a kan 140 ya riga ya kai matakin ƙarshe. Yara da yawa suna ɗauka sassaucin kilomita 10 ɗin nan yana ko'ina, sai su ajiye maleji a 149 a hanyar Madina suna ganin sun yi wayo.

Riyal 150 a titin 80 cikin gari, da rana, galibi rashin lura ne: ya sauko daga gada, titin ya buɗe, ƙafa ta yi nauyi bai duba maleji ba. Riyal 800 ba rashin lura ba ne. Babu wanda yake kai 115 a titin 80 bai sani ba, inji da kansa zai gaya masa. In kuwa saƙon ya nuna 1,500, kuma lokacin ƙarfe biyu na daren Alhamis ne, to ba maganar tara ake ba, maganar wa yake tare da shi ce da kuma abin da suke yi a titi a wannan lokacin. Uban da ya yi wa na 150 hukuncin na 1,500 ya ƙarar da harsashinsa tun ba a fara ba.

Ka kuma tabbatar motarka ce. Kyamara takan yi kuskuren karanta lamba, ba kullum ba amma yana faruwa. In hoton da bayanan ba su yi daidai da motarku ba, ko ranar motar tana garejin gyara kuma kana da takarda, akwai wajen ƙin amincewa a Absher, wanda ake cewa i'itirad, kuma kwana 30 ne wa'adinsa daga ranar da aka sanar da kai. Amma kada ka shigar da ƙorafi don kawai ka gwada sa'a alhali kai da yaron kun san ya taka. Abin da zai koya daga nan ya fi tarar muni.

Kwanakin da ake ƙirgawa

Tun 18 ga Afrilu 2024 tsarin biya ya canza. Bayan kwana 30 na ƙorafi akwai kwana 15 na biya, jimla 45, kuma wanda ya biya a cikinsu ana rage masa kashi 25 cikin ɗari. Riyal 300 ta koma 225, riyal 800 ta koma 600. Ragin da kansa yake fitowa a SADAD, tsarin biyan kuɗi na bankuna, idan ka shiga ta manhajar bankinka wajen biyan kuɗin gwamnati. Duk saƙon da ya zo da mahaɗi yana cewa ka danna nan a rage maka, ɓarayi ne, kuma sun san iyaye na ruɗewa a irin wannan makon. Wanda ba shi da kuɗin a hannu yana iya neman ƙarin wa'adin kwana 90 ta Absher. Wanda ya yi biris har komai ya wuce, doka ta ba da damar a cire kuɗin daga asusunsa na banki.

Ga masu zama da igama, katin izinin zama na baƙi, akwai ƙarin ciwo. Mukalafar da ba a biya ba takan tsaya a gaban bizar fita da dawowa, ta tsaya a gaban sabunta lasisi da istimara. Iyali sun sayi tikitin Kano ko Yamai, an ɗaure kaya, a zo fitar da biza kwamfuta ta ƙi saboda riyal 300 da wani ya ɓoye. Gaya wa yaron wannan ƙarara, domin yawancinsu ba su san tarar tana taɓa takardun gida ba.

Zaman da za ku yi

Kada a yi shi a daren da saƙon ya zo, kuma kada a yi shi gaban ƙannensa ko baƙi. Saurayi ɗan shekara 18 da aka kunyata a gaban ƙanwarsa ba ya jin komai sai kunyar. Washegari bayan la'asar, ku biyu, ko ku uku da mahaifiyarsa in kun riga kun daidaita bakinku. Wannan daidaitawar tana da muhimmanci, domin in Abba ya ce mako biyu babu mota, Umma kuma ta aike shi bakala, kantin unguwa, da ita ranar Talata, an gama.

Miƙa masa wayar ya karanta da kansa, sannan ka yi tambaya ɗaya ka yi shiru: «Ina za ka a lokacin, kuma wa ke cikin motar?» Amsar farko kusan kullum ita ce, «Wallahi Abba ban lura ba, kowa ma haka yake gudu a wurin.» Kada ka kama gardama a kan kowa. Ce masa, «Na ji. Nawa ne iyakar titin?» Sau da yawa a nan za ka gane bai sani ba. Yana bin titin kullum zuwa makaranta amma bai taɓa karanta allon ba, gudun motar gabansa yake bi. Wannan cuta ce mai sauƙin magani. Wanda ya san iyakar ya kuma taka, shi ne ake tonawa: ya makara ne, abokai ne suka zuga shi, wani ne ya matsa masa da fitila daga baya, ko daɗin gudun yake ji? Kowanne da nasa gyaran, kuma ba za ka san wanne ba ne in kai kaɗai kake magana.

In ya zo da kansa ya faɗa maka tun kafin saƙo ya iso, cewa ya ga walƙiyar kyamara a madubi, ka rage masa hukunci kuma ka gaya masa dalilin ragin. Wata rana abin da zai faru ya fi tara girma, kuma kana so lambarka ce ta farko da zai kira.

Kuɗin kuma daga aljihunsa za su fita. In yana ɗan aiki, ya biya kai tsaye. In ɗalibi ne, ka biya cikin kwana 45 don kada ragin ya wuce, sannan ka riƙa cirewa daga kuɗin kashewarsa: riyal 225 a mako-mako hamsin-hamsin, wata guda da 'yan kwanaki. Kada ka cire duka lokaci ɗaya har ya rasa na mai da na abinci ya koma bin abokai bashi, kuma kada ka yafe rabin hanya don ya yi ladabi kwana biyu. Zaunar da shi ya danna biyan da yatsansa, ya ga kuɗin sun fita.

A mayar da motar wuyansa

Dalilin da ya sa saƙon ya zo maka shi ne Sahir lambar mota yake gani, ba fuskar direba ba. Muddin yaron yana tuƙa motar kullum ba tare da an rubuta shi ba, duk abin da ya yi a kanka yake sauka. Gyaran yana cikin Absher: ka yi masa tafwid, wato izinin tuƙi, ka sa lambar katinsa ko igamarsa da tsawon lokacin, shi kuma ya amince daga nasa ɓangaren. Daga nan mukalafar da aka ɗauka a cikin wa'adin a kansa ake rubuta ta, saƙon kuma wayarsa yake zuwa. Sai lasisinsa yana aiki, istimara da inshorar motar ma suna aiki, kafin tsarin ya karɓa.

Wasu iyaye suna gudun wannan don kada su daina ganin saƙon. Maganin mai sauƙi ne: sharaɗin makulli shi ne duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya buɗe Absher ɗinsa a gabanka. Minti ɗaya ne.

In kuwa ka zo yin tafwid ka tuna yaron ba shi da lasisi ma, to laifin ya bar kansa ya dawo kanka. Lasisin mota na ƙashin kai sai an cika shekara 18, ɗan shekara 17 kuma takardar izini ta wucin gadi ake ba shi wadda ba ta wuce shekara guda. Tuƙi babu lasisi tara ce mai zaman kanta, mai motar da ya ba da makulli ma ana cin sa tara, kuma in aka yi haɗari ana haɗa shi da direban wajen biyan ɓarna. A unguwanninmu an saba a ce ai cikin layi ne kawai, daga gida zuwa bakala. Sahir ya riga ya nuna maka ba cikin layi yaron yake tsayawa ba. A ajiye makulli har sai ya gama makarantar tuƙi.

Kira kamfanin inshorarka ma ka tambaya ko takardarka ta rufe direba mai shekarunsa, in ba ta rufe ba a ƙara sunansa. Kuɗin zai ɗan hau. Ya fi ka ji labarin a bakin ma'aikacin Najm, masu duba haɗarin mota don inshora, a gefen titi.

Lissafin da yara ba sa yi

Wa'azi a kan mutuwa ba ya shiga kunnen ɗan shekara 18, domin a ganinsa wasu take ɗauka. Lissafi ya fi kama shi. Ba shi takarda ya yi da kansa. Tafiyar kilomita 70, kwatankwacin Jidda zuwa Makka: a gudun 120 minti 35 ne, a 140 minti 30. Minti biyar ya saya da riyal ɗaruruwa, kuma layin shingen bincike na Shumaisi ko danja biyu a cikin gari za su cinye su. Cikin gari abin ya fi ban dariya. Kilomita 10 a gudun 80 minti bakwai da rabi ne, a gudun 100 minti shida. Sauri ya haifi nawa.

Sai ɗaya gefen. Mota a gudun 120 tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya, a 140 mita 39, a 160 mita 44. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta sauka kan birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye. Nisan tsayawa kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkawa yake: in gudu ya ninka biyu, nisan birki ya ninka huɗu. Daga 120 zuwa 160 ƙarin gudun kashi ɗaya cikin uku ne, amma nisan birkin ya kusa ninki biyu. Fita da shi fili ko layin da babu motoci ku auna mita 40 da ƙafa, taku hamsin da wani abu. Ya tsaya a ƙarshe ya waiwayo. Ka ce masa wannan shi ne kallon waya sau ɗaya a hanyar Madina.

Daga nan ku shiga mota, shi a sitiyari, kai a gefe, ku bi ainihin titin da aka ɗauke shi. Aikinsa ya faɗi kowane allon gudu da baki da zarar ya gan shi: tamanin, ɗari, sittin. Za ka yi mamakin yawan waɗanda zai tsallake a zagayen farko, musamman wajen fita daga titin zobe, da bakin ramukan dutse na Makka, da inda ake aikin hanya aka sauke iyakar. Naka aikin ka riƙe bakinka. Kada ka taka birkin da babu shi a gefenka, kada ka yi salati duk lokacin da tirela ta matso. Gyara ɗaya a kowace fita ya isa. Fita huɗu ko biyar cikin mako biyu, ɗaya da dare, ɗaya a babbar hanya.

A babbar hanyar ne za ka koya masa abin da makarantar tuƙi ba ta cika tsayawa a kai ba, wato hannun hagu. Duk wanda ya yi tuƙi a ƙasar nan ya san motar da take mannewa a bayanka tana watsa fitila. Sabon direba yakan tsorata ya ƙara wuta maimakon ya kauce, ko zuciya ta ɗebe shi ya ce ba za a wuce shi ba, a haka kyamara take samun su duka biyun. Dokar gida ita ce layin tsakiya ne nasa. Hagu na wucewa ne, ya wuce ya dawo. In an matsa masa, ya sa sigina, ya duba madubi, ya ba da hanya idan ta samu, ba tare da ya ƙara gudu ba. Tsakaninsa da motar gaba kuma daƙiƙa uku: ta wuce turken fitila, ya ƙirga uku kafin shi ya iso.

Motar ma tana da abin taimako. Yawancin motocin da aka kera don ƙasashen Gulf suna yin ƙara in an kai 120, kuma yara sun iya ƙara sautin rediyo su danne ta. Nuna masa yadda ake saita na'urar riƙe gudu a doguwar hanya, in motar tana da mai hana wuce iyaka a saita ta. In an canza tayoyi zuwa manya don ado, maleji zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun, sai a gwada shi da abin da taswirar waya take nunawa. Tunda an zo kan taya, duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tsohuwar taya, da kwaltar watan Yuli, da gudun 150, su ne suke haɗuwa su kifar da mota.

Akwai darasin da ba ka so ya ɗauka daga wannan tarar, kuma shi ne abokansa za su fara koya masa: haddace wuraren Sahir, a taka birki a gabansa, a wuce a ƙure maleji. Tun da aka kawo tsarin a 2010 ake wannan wasan. Gaya masa ba duka kyamarori ne a kafe ba, akwai waɗanda ake ɗauka a canza musu wuri, kuma birkin gaggawa a gaban kyamara shi ne yake sa na baya ya shige maka. Wanda ya ba shi shawarar ya shafa wa lamba laka ko ya manna mata wani abu yana kai shi ga tarar da ta fara daga riyal 5,000. Kyamarorin yanzu kuma ba gudu kaɗai suke gani ba: waya a hannu riyal 500 zuwa 900, rashin ɗaura bel 150 zuwa 300, tsallake jar danja 3,000 zuwa 6,000. Tafhid, wasan juya mota da samari ke taruwa kallo, karon farko riyal 20,000 ne da tsare motar kwana 15.

Takunkumin gida ya dace da laifin, kuma ya kasance da ranar ƙarewa. Ga ƙaramin mataki ba sai an karɓe makulli ba, biya da fitar gwaji sun wadatar. Ga na riyal 800 zuwa sama, mako biyu zuwa wata guda ba ya fita shi kaɗai sai makaranta ko wajen aiki, babu abokai a motar, babu tuƙi bayan sha ɗaya na dare. Abokan nan su ne rabin matsalar. Yaron da yake tafiya lafiya lau da mahaifiyarsa a gefe wani mutum ne daban in samari uku suna baya suna ɗaukar maleji a waya. A watan azumi a ƙara sharaɗi ɗaya: rabin awar da ke gaban magariba, lokacin da kowa ke tsere da ladan, ko dai ya riga ya iso gida ko ya sha ruwa a inda yake. A ajiye dabino da ruwa a motar don kada ya sami hujja.

Duk wannan ya hau kan 'ya mace ma, tunda mata suna tuƙi tun Yunin 2018, kuma kyamara ba ta bambantawa. Kada tarar farko ta zama dalilin da za a ce daman an faɗa, a karɓe mata mota har abada alhali yayanta yana da uku a kansa.

Za a kai wani wuri a zaman da zai ce, ko ya yi tunani bai faɗa ba, «Abba, ai kai ma ana ɗaukar ka.» Ya yi shekara goma sha a kujerar baya yana kallon malejinka. In gaskiya ne, kada ka ce ba sa'anka ba ne. Buɗe naka Absher ɗin ranar Juma'ar tare da nasa.

In ta biyu ta zo cikin 'yan watanni, duba ko irin ta farko ce. Titi ɗaya da lokaci ɗaya yana nufin yana fita a makare, sai a gyara lokacin tashi, a matso da fitarsa da minti goma sha biyar. In matakin ya hau, makulli ya dawo hannunka, domin wuce iyaka da fiye da 50 a titin 120, ko fiye da 30 a titin 140, yana cikin laifuffukan da doka ta ɗauka barazana ga lafiyar jama'a. Maimaita irinsu cikin shekara guda yana kai tarar ƙololuwarta, na uku kuma yana kai mutum gaban kotu, wurin da mai igama ba ya son sunansa ya shiga. Kafin ya sake fita shi kaɗai, sa masa lambobin 911 na gaggawa da 993 na Murur da 997 na motar asibiti a waya, da manhajar Najm, ka kuma nuna masa aljihun da istimara da takardar inshora suke.